Tarihin Dokar Zamba a Jazira, Daga Zamanin Mudu Zuwa Zamanin Waya

Wad Haddad gari ne a kudancin jihar Jazira ta ƙasar Sudan, a kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta nufi Sinnar, yamma da kogin Shuɗin Nilu. Daga wannan yanki har Mai Wurno, har ƙauyukan da ke bin gaɓar kogi zuwa Damazin, akwai Hausawa da suka haura shekara ɗari suna noma, suna su, suna fatauci. Kakanninsu da mudu da shaidu suka yi ciniki. Jikokinsu a yau suna sayar da buhun dawa, mai saye ya ɗaga musu fuskar waya ya ce kuɗi sun shiga. Tsakanin waɗannan zamunna biyu akwai dogon tarihin dokokin da aka shimfiɗa don hukunta mai cin dukiyar mutane da yaudara. A kowane mataki na tarihin, mazambaci ne ke fara gano sabuwar hanya, doka ta biyo sawunsa, sannan a ɗauki shekaru kafin dokar ta iso ƙauye.

Kafin 1899: zamanin mudu da shaidu

Tun kafin mota da jirgi, alhazan ƙasar Hausa da Barno da ƙafa suke ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, su tsallaka Nilu su nufi gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, ya tara guzuri ya ci gaba, wasu kuma zama ya kama su a hanya. Yankin Jazira a lokacin yana hannun daular Funj, wadda ta yi mulki daga Sinnar tun 1504 har sojojin Muhammadu Ali na Masar suka kawo ƙarshenta a 1821. Baƙin ba su tarar da shari'ar da ba su sani ba, domin malaman Sinnar da na Kano da Katsina duk Malikawa ne, Risala da Muhtasar da ake karantawa a can su ake karantawa a nan.

Malaman fiƙihu sun bambanta ɓarawo da mayaudari. Wanda ya ɗauke dukiya a ɓoye daga ma'ajinta, ta kuma kai nisabi, shi haddi ke hawa. Wanda aka miƙa wa dukiya da hannu saboda ya shirga ƙarya, ko ya tauye mudu, ko ya ɓoye aibin kaya, ko ya ci amanar da aka ba shi ajiya, hukuncinsa ta'aziri ne. Alƙali zai auna girman laifin ya yanke bulala, ko ɗauri, ko kora daga kasuwa, a kuma tilasta masa mayar da abin da ya ci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tulin hatsin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya tsawatar masa, ya kuma barranta daga mai algus. Sa ido a kan irin wannan shi ne aikin muhtasibi, muƙamin da daular Sakkwato ma ta naɗa bayan jihadin 1804.

Abin da ya ba wannan tsari ƙarfi shi ne mai zamba da wanda ya zambata ido da ido suke ciniki. Baƙon ɗan kasuwa yana da maigidan da ya sauke shi, dillali yana tsakani, kuma kowa ya san ɗan wane ne kowa. Wanda aka kama da algus, kafin alƙali ya yi magana kasuwa ta riga ta yanke masa hukunci, don babu mai sake ba shi bashi.

Ana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi bushara cewa jama'arsa za ta yi hijira gabas, ta zauna a bakin Nilu, ta sadu da Mahadi. Wannan zance ne da dattawa suka gada, kuma ya zaburar da mutane da yawa. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da ɗimbin jama'a ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har Shuɗin Nilu, suka fara sauka a Shehu Ɗalha wajajen 1906, daga baya suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa.

1899 zuwa 1960: doka ta koma takarda

Waɗanda suka guje wa Turawa a Sakkwato sun tarar da su a Sudan. An karya daular Mahadiyya a yaƙin Omdurman ranar 2 ga Satumba 1898, Ingila da Masar suka ƙulla yarjejeniyar mulkin haɗin gwiwa a Janairu 1899, kuma a shekarar aka fitar da kundin dokokin laifuka na Sudan. An ɗauko shi ne daga kundin Indiya na 1860, wanda sashensa na 420 a kan damfara ya yi sunan da har yau Indiyawa da wannan lamba suke kiran mazambaci. Sabon mulkin ya taƙaita kotunan shari'ar Musulunci ga aure da saki da gado, laifuka kuma suka koma kotunan gwamnati. An sake fasalin kundin a 1925.

A wannan shekara ta 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aikin noman auduga na Jazira ya kankama. Hannun da ya fi yawa a tsinkar auduga da gyaran magudanan ruwa na mutanen yamma ne, Hausawa da Fulani da Barebari. Wasu sun samu hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke ba manomi, mafi yawa kuma suka zauna a kambo, wato zangon leburori, suna ƙodago. Rayuwarsu ta shiga littafin lissafi. Nauyin auduga, bashin iri, rabon riba tsakanin gwamnati da manomi da kamfani, duk a rubuce suke da harshen da mutanen ba su karantawa, nasu shi ne dangwala yatsa. Zamba ta samu sabuwar ƙofa ta jabun takarda da jabun sa hannu, kuma wanda bai iya karatu ba shi ne ya fi saurin faɗawa.

Takarda ta sake zame musu ƙalubale ta wata fuska. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957 da ta biyo bayan 'yancin kai, sun nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen Burmi sun iso bayan wannan lokaci, saboda haka zuriyarsu ta daɗe tana shan wuyar samun takardar shaida. An sassauta sharaɗin a dokar 1994, amma tabon abin ya wanzu, kuma zai sake bayyana a zamanin waya.

Wani abin da Hausawa da dama ba su sani ba shi ne dokar Sudan ta bi hanyar alhazai ta koma yamma. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana shari'a don gyara dokokin Jihar Arewa, aka ɗora Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, a kan shugabancinsa. Shawararsu ta haifar da kundin 1959 da ya fara aiki a 1960, wanda 'yan Arewa ke kira Final Kod, kuma a kan kundin Sudan aka gina shi. Ke nan Bahaushen Wad Haddad da na Zariya, ma'anar damfara a kotunansu daga tushe ɗaya ta fito.

1983 zuwa 1991: sashe na 178

Bayan wani gyara a 1974, Shugaba Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin Satumba 1983, haddi ya shigo kundin laifuka, aka yanke hannaye a Khartum. Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta hau mulki a juyin 30 ga Yuni 1989, ta fitar da dokar laifuka ta 1991, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi. Dokar ta bi rabon da malaman fiƙihu suka yi. Satar haddi tana da nata sashe, zamba kuma aka bar ta a ta'aziri ƙarƙashin sashe na 178. Sashen ya ce duk wanda ya yaudari wani mutum da mugun nufi, ta kowace hanya, ya samu haramtacciyar riba ko ya jawo wa wani asara, za a ɗaure shi abin da bai wuce shekara 3 ba, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka. Wanda ya maimaita har karo na uku, ɗaurinsa zai iya kai shekara 5.

Sashen da ke biye, na 179, shi ya fi shiga gidajen mutane. Ya shafi cakin da banki ya mayar saboda babu kuɗi a asusu. A shekarun 1990 manoma da 'yan kasuwa da dama sun sa hannu a caki a matsayin jinginar bashi, damina ta gaza ko farashi ya faɗi, suka tsinci kansu a kurkuku da hukuncin zama har sai an biya. Wannan ya koya wa mutanen karkara tsoron banki. Da yawa suka gwammace su ajiye dukiyarsu a dabba da hatsi, ko a hannun wani amintaccen mai shago.

1973 zuwa 2001: duniya ta gano giɓin

A ƙasashen da kwamfuta ta fara shiga bankuna da kamfanoni, alƙalai sun ci karo da wata tambaya. Tsofaffin dokoki sun ce zamba ita ce yaudarar mutum. To wanda ya shigar da bayanan ƙarya cikin na'ura, kuɗi suka fita ba tare da wani ɗan Adam ya ji ƙaryarsa ba, wa ya yaudara? A 1973 asirin kamfanin Equity Funding ya tonu a Amurka, inda aka yi amfani da kwamfuta aka ƙirƙiri dubban takardun inshora na mutanen da babu su. Jihar Florida ta yi dokar laifukan kwamfuta a 1978, gwamnatin tarayyar Amurka ta fitar da tata babbar dokar a 1986. A shekarar ce Jamus ta ƙara sabon sashe a kundinta musamman don zamba ta kwamfuta.

A Ingila shari'ar wasu mutum biyu, Gold da Schifreen, ita ta fito da giɓin fili. Sun kutsa cikin na'urorin kamfanin sadarwa na ƙasar har suka leƙa akwatin saƙon Yarima Philip, aka hukunta su da dokar jabu, amma kotun ƙoli ta wanke su a 1988 saboda dokar ba ta hango laifinsu ba. Majalisa ta toshe ƙofar da dokar 1990. A 1994 Vladimir Levin, yana zaune a Rasha, ya janye sama da dala miliyan 10 daga asusun abokan hulɗar Citibank na Amurka, abin da ya nuna cewa mai laifi da dukiyar da kotun za su iya kasancewa a ƙasashe uku daban. Saboda haka aka ƙulla yarjejeniyar Budapest ranar 23 ga Nuwamba 2001, wadda sashenta na 8 ya nemi ƙasashe su mai da zamba ta kwamfuta laifi mai zaman kansa, yarjejeniyar kuma ta nemi su taimaki juna wajen bincike.

1997 zuwa 2010: waya ta iso, doka ta biyo

Wayar hannu ta fara aiki a Sudan a 1997 ta kamfanin Mobitel, wanda daga baya ya koma Zain. A shekarar ce kuma Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin da ya raba bankunanta da katunan biyan kuɗi na duniya har shekara ashirin. Da MTN da Sudani suka shigo, waya ta bazu a karkara, mutane suka ƙirƙiro wa kansu hanyar aika kuɗi. Yaro yana ƙodago a Khartum sai ya sayi kuɗin kira ya tura wa mai shago a ƙauye, mai shago ya cire ladansa ya miƙa wa mahaifiyar yaron tsabar kuɗi. Mazambata ba su yi jinkiri ba. Saƙo ya shigo wai ka ci kyauta, ka tura kaza a sakar maka, ko wani ya kira yana marairaicewa wai ya tura maka kuɗin kira bisa kuskure, ka mayar masa, alhali saƙon da ka gani shi ya rubuta shi da hannunsa.

A 2007 Sudan ta fitar da dokoki biyu. Ta farko, dokar mu'amalolin lantarki, ta amince da sa hannu da takardun na'ura a matsayin hujja. Ta biyu, dokar laifukan fasahar bayanai, ita ce karo na farko da aka ambaci kwamfuta da intanet a matsayin makamin laifi. Sashenta na 11 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 4 ba, ko tara, ko duka, ga wanda ya yi amfani da intanet ko kwamfuta ko makamancinta, ta hanyar yaudara ko sunan ƙarya ko shigar burtu, don ya mallake dukiya ko takardar kadara ko sa hannun wani. Wanda ya kutsa ya samu lambobin katin banki da nufin cin dukiya, nasa ɗaurin zai iya kai shekara 5. Dokar ta kuma yi umarnin kafa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da kotu na musamman don waɗannan laifuka. A Disamba 2010 Sudan ta sa hannu a yarjejeniyar ƙasashen Larabawa kan laifukan fasahar bayanai a Alƙahira.

A takarda giɓin ya toshe. A aikace, ƙwararrun masu bincike a Khartum suka taru, kusan kilomita 190 daga Wad Madani, balle ƙauyukan da ke kudu da ita. Manomin da aka cinye wa kuɗin buhu biyu, in ya lissafa kuɗin mota da kwanakin da zai bar gona, sai ya bar wa Allah.

1995 zuwa 2019: 'yan uwa na yamma

Nijeriya ta riga Sudan shiga wannan gwagwarmaya. Lambar 419 da duniya ta sani sashe ne na kundin laifukan da ke aiki a kudancin ƙasar. Da wasiƙun damfara suka yawaita, gwamnatin soja ta yi doka a 1995, aka kafa hukumar EFCC a 2003, ita ce ta kai Emmanuel Nwude kotu bisa cinye dala miliyan 242 na wani bankin Brazil, aka ɗaure shi a 2005. Dokar 2006 ta sa ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. A Mayu 2015 aka sa hannu a dokar laifukan intanet, wadda sashenta na 14 ya tanadi aƙalla shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ga mai sauya bayanan kwamfuta don cin riba. Jamhuriyar Nijar ta yi tata a Yuli 2019. Tarayyar Afirka kuwa ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014, amma sai a 2023 ta samu ƙasashen da suka isa ta fara aiki.

Bambancin dokokin a fili yake. Ta Nijeriya tana faɗin mafi ƙarancin hukunci, ta Sudan ta 2007 tana faɗin mafi yawa, ta bar wa alƙali damar tsayawa a tara. Darasin kuma ɗaya ne, domin tsananin ɗauri bai hana samari shiga harkar ba a inda suka ga ba a cika kama kowa ba.

2018 zuwa 2022: an ƙara hukunci

A 2018 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a Sudan, mutane suka riƙa kwana a layin banki. Manhajar Bankin Khartum, wadda ta fara a 2014 kuma aka san ta yanzu da Bankak, ta fara maye gurbin takardar kuɗi a kasuwanni. A tsakiyar shekarar majalisa ta zartar da sabuwar dokar yaƙi da laifukan fasahar bayanai, ta maye gurbin ta 2007. Watanni kaɗan bayan haka zanga-zangar Disamba ta ɓarke, aka kifar da al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta gyara dokar a Yuli 2020, ta ɗaga shekarun ɗauri a sassa da yawa. Hukuncin yaɗa labarin ƙarya ya tashi daga shekara 1 zuwa 4, kuma a watan ne rundunar soja ta sanar da naɗa jami'in da zai riƙa shigar da ƙarar masu zaginta a intanet. An sake tsaurara dokar a Nuwamba 2022, bayan juyin mulkin Oktoba 2021. 'Yan jarida da lauyoyi sun yi ta kukan cewa an fi amfani da dokar a kan masu magana. Kukan yana da tushe, domin muhawarar waɗannan shekaru kusan duk a kan rubutun Facebook aka yi ta, dukiyar talaka ba ta samu wannan kulawa ba. Hausawan Shuɗin Nilu sun ga ɗaya gefen ma. Kalaman ƙiyayya da suka yi yawo a wayoyi lokacin rikicin Yuli da Oktoba 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubbai da gidajensu, dokar ba ta tare su ba.

Daga 2023: yaƙi ya mai da waya banki

Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023. Aka wawashe rassan bankuna a Khartum, kotuna da ofisoshin bincike suka watse. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, yaƙin ya malalo kudu ta kan Wad Haddad da maƙwabtanta, Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024. Ɗaukar tsabar kuɗi a hanya ya zama kasada, saboda haka kowa ya koma waya. Da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairu 2024, mutane suka riƙa biyan kuɗi don su samu ɗan lokaci a kan na'urar Starlink a kasuwa, su karɓi abin da ɗa ko ƙane ya turo daga Saudiyya.

Ga yadda zambar wannan zamani ke gudana. Mai saye ya yi cinikin albasa, an loda masa a mota, ya latsa waya ya juyo da ita. Mai kaya ya ga ish'ari, wato shaidar tura kuɗi da 'yan Nijeriya ke kira alat, da sunansa da adadin da lambar ciniki, komai daidai. Layi ba ƙarfi, ba zai iya buɗe asusunsa ya duba ba, ga mutane na jira, ga kunyar ƙaryata baƙo. Sai bayan mota ta ɓace zai gane hoto ne aka haɗa da manhajar jabu. Tulin hatsin nan ne mai busasshen sama da jiƙaƙƙen ƙasa, sai dai wannan ba inda za a cusa hannu. Wani kuma kira zai samu daga mai cewa shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusu in bai karanto lambar da ta shigo masa yanzu ba. Wani an sace WhatsApp ɗin ɗan uwansa, aka rubuto masa, “Yaya, ina asibiti, a taimaka kafin dare.” Ga kuma masu bindiga da suka riƙa tilasta wa mutane tura kuɗin fansa ta waya.

A nan tsohon tabon takarda ya dawo. Buɗe asusu yana buƙatar lambar ɗan ƙasa, kuma iyalai da dama a kambo da ƙauyuka ba su da ita. Sai gida goma su rataya a asusun mutum ɗaya. In an cinye shi, an cinye su duka. In kuma mazambaci ya roƙi aron asusun ya karɓi kuɗin haram ta ciki, sunan mai asusun ne zai fito a bincike. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamba 2024, wanda ya tilasta zuba tsofaffin kuɗi a banki, ya tura dubban mutanen da ba su taɓa riƙe asusu ba cikin wannan duniya a rana ɗaya. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024 da Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025, kotuna suka fara komawa aiki a hankali.

Abin da tarihin ya hukunta

Daga 1899 zuwa yau Sudan ba ta taɓa rasa dokar zamba ba, kuma tun 2007 babu wani mazambacin waya da zai ce doka ba ta san laifinsa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta haɗa manomi da dokar. Ƙarin shekarun ɗauri ba zai amfani mutumin Wad Haddad ba sai an samu mai gabatar da ƙara da ya iya binciken waya a kusa da shi, sai bankuna sun riƙa daskarar da asusun da ake zargi cikin sa'o'i, sai kuma kowane ɗan ƙasa ya samu lambarsa ba tare da an tambaye shi ranar da kakansa ya tsallako Nilu ba. Wannan hakki ne a wuyan hukuma, kuma sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinsu su ne ya kamata su riƙa tuna mata.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu. Limamai su faɗa a huɗuba cewa ish'arin jabu algus ne, kuɗinsa haram ne, ko wanda aka cinye yana wata ƙasa. Iyaye su tambayi yaro inda ya samu abin da ya shigo da shi gida. Kai kuma ɗan uwa mai saye da sayarwa, kada kaya su bar hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka. Kada ka karanta wa kowa lambar sirri, ko ya rantse daga banki yake. Kada ka ba da aron asusunka ga wanda ba za ka iya tsaya masa a gaban alƙali ba. In an zambace ka, adana saƙon da lambar wayar da lambar cinikin, ka sanar da banki a ranar, ka kai ƙara ko da kuɗin kaɗan ne, domin wanda ya cinye ka ya ga ka yi shiru, gobe maƙwabcinka zai nufa.